Tsakanin Bashi, Kashewa da Tanadi: Ina Kuɗin Man Fetur Ke Dosa?

Tun daga tsakiyar shekarar 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur kuma aka bar kasuwa ta yanke wa naira daraja, kuɗin da gwamnatocin Najeriya ke rabawa a kowane wata ya ƙaru ƙwarai idan aka lissafa shi da naira. Sai dai a cikin wannan lokacin ne kuma ake yawan jin labarin neman amincewar majalisa domin ciyo sabon bashi, a Abuja da jihohi. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ya bayyana cewa bashin da ake bin gwamnatin tarayya da jihohi ya kai naira tiriliyan 144.67 a ƙarshen 2024, alhali a tsakiyar 2015 tiriliyan 12 ne da ɗan kai. Ga kuma asusun ajiya na ƙasa da ake cewa an tanada saboda 'yan baya. Mai sauraron rediyo a Sakkwato yana da dalilin yin tambaya: idan kuɗi ya ƙaru, me ya kawo bashi? Idan kuma bashi ake ci, me ake ajiyewa, kuma a ƙarshe wa zai biya?

Ma'anar kalmomin da ake yawan ji

Giɓin kasafi shi ne ratar da ke tsakanin abin da gwamnati ta yi niyyar kashewa a shekara da abin da take sa ran samu. Da bashi ake cike wannan rata, kuma giɓin shekaru da yawa idan ya taru shi ne jimillar bashin da ake ambatawa. Kuɗin biyan bashi kuma shi ne abin da ake fitarwa kowace shekara domin biyan kuɗin ruwa da wani ɓangare na uwar kuɗin.

Ana auna nauyin bashi ta hanya biyu, kuma a nan ne jami'an gwamnati da masu sukarsu kan yi ta magana ba tare da sun fahimci juna ba. Hanya ta farko ita ce a kwatanta bashin da jimillar abin da tattalin arzikin ƙasa ke samarwa a shekara; a wannan ma'auni Najeriya ba ta cikin ƙasashen da bashi ya fi yi wa katutu. Hanya ta biyu ita ce a duba kaso nawa na kuɗin shigar gwamnati ke tafiya wajen biyan bashi, kuma a nan lamarin ya yi tsanani, domin Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 kimanin kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a biyan bashi ya tafi. Ma'auni na biyu ya fi kusa da gaskiyar rayuwa, tunda da kuɗin da ya shigo hannun gwamnati ake biyan bashi, ba da dukiyar da ke hannun jama'a ba.

Sai kuma kuɗin ma'adinai, wanda rashin gane yanayinsa ne tushen rikicin. Manomin da ya sayar da geron da ya noma bana, baɗi ma yana sa ran wani. Wanda kuma ya yanki wani sashe na gonar gado ya sayar, kuɗi ya shigo hannunsa, amma gonar ta ragu har abada. Harajin da ake karɓa daga kasuwanci da albashi yana kama da amfanin gona. Kuɗin ɗanyen mai kuwa yana kama da kuɗin sayar da gonar kanta, domin gangar da aka haƙo aka sayar ba za ta sake tsirowa ba. Bayan haka, farashinsa ba ya zama wuri ɗaya, kuma ba a Najeriya ake yanke shi ba.

Waɗannan halaye biyu su suka haifar da ajiya iri biyu, waɗanda ake yawan cakuɗa su. Ta farko ita ce ajiyar ko-ta-kwana, irin rumbun tsimin da magidanci ba ya buɗewa sai damina ta yi gardama: ana zuba mata idan farashi ya hau, a ɗiba idan ya faɗi, domin albashi da ayyuka su ci gaba ba tare da tangarɗa ba. Misalinta sananne ne ga duk wanda ya san ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, inda aka tara hatsin shekaru bakwai na yalwa a cikin zangarniyarsa saboda shekaru bakwai na fari. Ta biyu ita ce ajiyar 'yan baya, wadda manufarta ita ce a mayar da dukiyar da ke ƙarƙashin ƙasa ta koma wata dukiyar mai ɗorewa, yadda ranar da man ya ƙare ko duniya ta rage buƙatarsa, waɗanda ba a haifa ba za su tarar da madadinsa.

Hanyar da kuɗin ke bi kafin ya iso Sakkwato

Sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa kuɗin da gwamnatin tarayya ta tara, in ban da wasu 'yan kaɗan da aka keɓe, a zuba su cikin Asusun Tarayya a raba tsakanin matakan gwamnati uku. Daga kuɗin ma'adinai, ana fara ware kashi 13 cikin ɗari ga jihohin da aka haƙo su. Abin da ya rage, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 20.60. A tsakanin jihohi, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran kuma bisa faɗin ƙasa da yanayinta, da ma'aunin ci gaban jama'a, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga na cikin gida.

Jihar Sakkwato da ƙananan hukumominta 23 ba sa cikin masu cin kashi 13 na man fetur, kuma mafi yawan abin da suke kashewa daga wannan kaso na wata-wata yake fitowa. Ko farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina domin yin siminti, a doka mallakar tarayya ce, kamar sauran ma'adinai. Saboda haka duk da nisan da ke tsakanin Sakkwato da rijiyoyin mai na yankin Neja Delta, albashin malamin firamare a Tangaza ko Tureta yana ɗaure da farashin ganga a kasuwar duniya. Gaskiya ne cewa a yanzu harajin kamfanoni da na kwastam da harajin VAT sun ɗauki kaso mai tsoka a cikin abin da ake rabawa, amma har yanzu mai da iskar gas ne ke kawo mafi yawan dalar da ƙasa ke samu daga fitar da kaya, kuma samuwar dala ce ke riƙe darajar naira.

Kowane kasafi na tarayya ana gina shi ne a kan hasashe. Na 2025, wanda ya kai naira tiriliyan 54.99, an gina shi a kan dala 75 kowace ganga, da haƙo ganga miliyan 2.06 a rana, da canjin naira 1,500 kan dala ɗaya, kuma an ware sama da tiriliyan 14 domin biyan bashi. A mafi yawan watannin shekarar, farashin da yawan man da aka haƙo duka ba su kai hasashen ba. Idan hasashe ya zarce gaskiya, ba a samun rarar da za a ajiye. Giɓi ne ke ƙara faɗi.

Abin da ya faru a baya

Najeriya ta sha ganin wannan zagaye. Farashin mai ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, aka yi wa ma'aikatan gwamnati babban ƙarin albashin da ake kira Udoji, aka buɗe manyan ayyuka barkatai, har jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Legas a 1975. Kafin shekarun 1970 su ƙare, a 1978, ƙasar ta ciyo babban bashinta na farko na dala biliyan ɗaya daga bankunan ƙetare. Da farashi ya soma sauka a 1981, babu ajiyar da za ta tare faɗuwar, kuma a watan Afrilun 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. Dattawan Sakkwato suna tuna layin sayen kayan masarufi na waɗancan shekaru, da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 da ya biyo baya. Bashin da aka kasa biya a kan lokaci ya yi ta haihuwa da tara da kuɗin ruwa, har abin da ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi ta Paris ke bi ya kai kimanin dala biliyan 30.

A 2004, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, aka buɗe Asusun Rarar Ɗanyen Mai. Tsarinsa mai sauƙi ne: a gina kasafi a kan farashi mai rahusa, abin da ya hau kai a ajiye. Da wannan ajiya aka biya kimanin dala biliyan 12 bayan yarjejeniyar 2005, aka yafe wa ƙasar kimanin dala biliyan 18. Duk da wannan biya, asusun ya sake taruwa har ya kai wajen dala biliyan 20 a 2008. A shekarar ce farashin ganga ya faɗo daga kusan dala 147 zuwa ƙasa da 40 cikin 'yan watanni, kuma Najeriya ta ratsa wannan guguwa ba tare da an daina biyan albashi ba. Wannan shi ne hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan ajiya ke da ita, domin a cikin gida aka gani.

Abin da ya biyo baya shi ne darasi na biyu. An ci gaba da ɗiba ko bayan farashi ya farfaɗo, ana raba wa matakan gwamnati, ana biyan tallafin mai da ayyukan wutar lantarki. Daga 2011 zuwa tsakiyar 2014 ganga tana sama da dala 100, amma rumbun bai sake cika ba. Da farashi ya karye a 2014, har ya sauka ƙasa da dala 30 a watan Janairun 2016, abin da ke ciki bai wuce kimanin dala biliyan biyu ba. A 2015 jihohi da dama suka kasa biyan albashi sai da gwamnatin tarayya ta ba su bashin ceto, a 2016 kuma tattalin arzikin ƙasa ya shiga koma-baya. A ƙarshen 2017 an amince a cire dala biliyan ɗaya domin sha'anin tsaro, kuma a tsakiyar 2022 abin da ya rage bai kai dala rabin miliyan ba.

Babban raunin asusun shi ne ba a kafa shi bisa wata doka mai ƙarfi ba. Gwamnoni sun kai ƙara Kotun Ƙoli suna cewa tsarin mulki ya ce a raba kuɗi, bai ce a riƙe ba, kuma gwamnatin tarayya ba ta da hurumin ajiye rabon jiha ba da yardarta ba. Ta fuskar doka hujjar tana da tushe, haka ma ƙorafinsu na cewa ana taɓa kuɗin kowa ba tare da cikakken bayani ba. Domin gyara wannan ne aka kafa hukumar NSIA mai kula da sabon asusun ajiya na ƙasa da dokar 2011, aka ba ta jarin dala biliyan ɗaya, aka kasa shi gida uku: na ko-ta-kwana, na 'yan baya da na manyan ayyuka. Hukumar ta tsira daga irin wawason da aka yi wa asusun farko, ta sa hannu a shirin takin zamani da gadar Neja ta biyu da hanyar Abuja zuwa Kano, kuma a 2020 an ciro dala miliyan 150 daga gare ta domin cike kason wata lokacin annobar korona. Amma abin da ake zuba mata kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da girman ƙasar, kuma ba a kai a kai ake yi ba.

Dalilin da ya sa kuɗi ke ƙaruwa, bashi ma yana ƙaruwa

Wani ɓangare mai yawa na ƙaruwar da ake gani a ɓangarorin biyu daga abu ɗaya ya samo asali, wato faɗuwar naira. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Dala ɗaya ta kuɗin mai da ta shigo asusu yanzu tana ba da naira ninki uku, shi ya sa kaso ya kumbura. To amma dala ɗaya ta tsohon bashi ma tana cin naira ninki uku. Jihar da ta ci bashin ƙetare shekaru goma da suka wuce, ko ba ta ƙara cin sisi ba, bashinta ya ninka a lissafin naira, kuma ana cire kuɗin biyansa tun daga tushe, kafin kason ya iso asusunta. Haka kuma siminti da rodi da magani da man dizal da gwamnati ke saye duk sun yi tsada, mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024.

Akwai kuma tsohon nauyi. Dokar Babban Banki ta yarda gwamnati ta karɓi rance na ɗan lokaci wanda bai wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata ba, amma an yi ta karɓa har ya kai naira tiriliyan 22.7, wanda a watan Mayun 2023 aka mayar da shi bashin shekara 40. Irin wannan rance daidai yake da buga sabon kuɗi, kuma yana cikin abubuwan da suka rura wutar hauhawar farashi. Shekarar 2022 ma abin lura ce: yaƙin Rasha da Yukren ya ɗaga ganga sama da dala 100, wasu ƙasashe masu mai suka tara rara, amma a Najeriya satar mai da fasa bututu sun sa abin da ake haƙowa ya sauka ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a wasu watanni, tallafin mai kuma ya cinye sama da naira tiriliyan huɗu.

Nau'in bashin da ya fi buƙatar sa ido shi ne wanda ake jinginar da man da ba a haƙo ba. A 2023 kamfanin NNPC ya sanar da rancen dala biliyan 3.3 daga bankin Afreximbank wanda za a biya da ɗanyen mai, maƙwabciyarmu Nijar ma a 2024 ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin ƙasar Sin na CNPC a kan man da za ta fitar ta sabon bututunta. Manoman rafi sun san irin wannan ciniki: a karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa tun albasa tana ƙasa, ranar girbi kuma buhunan sun riga sun zama na wani. Yana magance matsalar yau, amma yana rage abin da zai shiga asusun rabo a shekaru masu zuwa.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masu cewa a ajiye sukan kafa hujja da Norway, wadda ta kafa asusunta da dokar 1990, ta fara zuba kuɗi a 1996, take zuba jarinsa a ƙasashen waje, kuma ƙa'idarta ita ce kada a ɗebi fiye da kimanin kashi 3 cikin ɗari na darajarsa a shekara. Asusun ya haura dala tiriliyan ɗaya tun 2017. Sukan kuma ambaci Kuwait, wadda a 1976 ta fara ware kashi 10 na kuɗin shigarta domin 'yan baya. A ganinsu, kuɗin da ya shiga kasafi ya riga ya tafi, kuma kwararar dala lokaci ɗaya tana sa shigo da kaya ya fi noma da sana'a riba, kamar yadda ya faru da gyaɗa da auduga da fatu a Arewa bayan 1970.

Masu cewa a kashe yanzu suna amsawa da lissafi. Norway tana da mutane kimanin miliyan biyar da rabi, tana fitar da kusan ganga ɗaya a rana ga kowane mutum uku, kuma ta riga ta gina makarantu da asibitoci kafin man ya zo. Najeriya, da ganga miliyan ɗaya da rabi da mutane sama da miliyan 200, ganga ɗaya ce ga mutum kusan 140. Ƙididdigar talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna kashi 63 na 'yan ƙasa suna ciki, Jihar Sakkwato kuma ita ce a sahun gaba da kusan kashi 91. A irin wannan hali, in ji su, yaron da aka koya wa karatu da rigakafin da aka yi masa da magudanar ruwan da aka gyara a ƙarƙashin madatsar Goronyo duk ajiya ce, kuma ribarsu ta fi ta hannun jari a Landan. Suna da misali daga tarihin Arewa, inda rarar hukumar sayen amfanin gona ta taimaka wajen kafa masana'antu da makarantu a zamanin Sardauna. Raunin hujjarsu shi ne ta dogara kacokan a kan cewa kuɗin zai zama aiki na gaske. Aikin da aka yi watsi da shi ko aka ninka kuɗin kwangilarsa bai zama dukiyar kowa ba.

Rukuni na uku suna cewa a fara rage bashi mai tsada. A watan Disambar 2024 Najeriya ta sayar da takardun lamuni na dala biliyan 2.2 a kasuwar duniya da kuɗin ruwa na kashi 9.625 da 10.375 cikin ɗari. Wanda ya ranto ɗari a kan zai biya goma duk shekara, ya ajiye ta inda za ta haifi biyar, asarar biyar yake yi. Gana ta kafa asusun 'yan baya da na ko-ta-kwana a dokarta ta 2011, amma ta ci gaba da cin bashi a gefe har ta dakatar da biyan basussukan ƙetare a watan Disambar 2022. Chadi ta yi alƙawarin ajiye kashi 10 na kuɗin manta, ta soke tanadin cikin 'yan shekaru. Asusun ajiya ba ya tsare ƙasar da kasafinta ke yoyo.

Idan aka auna hujjojin uku, za a ga kowace tana da wurin da ta fi ƙarfi. Hujjar masu rage bashi tana kayar da babbar ajiyar 'yan baya a halin da ake ciki, amma ba ta kayar da ajiyar ko-ta-kwana, domin ranar da farashin mai ya faɗi ita ce ranar da masu ba da bashi ke tsuke hannu ko su tsawwala kuɗin ruwa. Chile ta nuna haka: ta tara rarar kuɗin tagulla lokacin tsada, ta yi amfani da ita a 2009. Hujjar masu kashewa tana da ƙarfi a kan ayyukan da ke ɗorewa, ba ta da shi a kan ɗora albashi da alawus na dindindin a kan kuɗin da bai da tabbas. Bashin ma ba duka ɗaya ba ne: na Bankin Duniya mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi daban yake da na kasuwa. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta riga ta faɗi haka, inda ta ce a ci bashi domin manyan ayyuka da raya ɗan Adam kawai, bisa sharuɗɗa masu sauƙi, kuma giɓi kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa. An sha ƙetare wannan iyaka.

Ga al'ummar da ke ƙyamar riba kamar ta Sakkwato, akwai wata fuska ta daban. Tun 2017, lokacin da aka fara da naira biliyan 100, gwamnatin tarayya tana fitar da sukuk, wato takardun tara kuɗi bisa tsarin Musulunci marasa kuɗin ruwa, domin gina hanyoyi. Fa'idarsa ita ce kuɗin yana ɗaure da takamaiman aiki da ake iya gani da ido. Duk da haka wajibi ne da za a biya daga kuɗin shigar gobe, kuma ana lissafa shi cikin jimillar bashi.

Yadda abin ke taɓa talaka

Wanda ya fara jin jiki idan kaso ya ragu shi ne ma'aikacin ƙaramar hukuma da ɗan fansho da mai jiran garatuti, domin kuɗin bashi ana cire shi kafin nasu. A gari irin Sakkwato, inda albashin gwamnati ke motsa kasuwa, jinkirin wata ɗaya yana isa ga mai shago a Tsohuwar Kasuwa da mahauci da mai Keke Napep da tela. Daga nan sai manyan ayyuka, waɗanda su ne aka fi saurin yankewa tunda ba sa zanga-zanga: a fara hanya ko asibiti lokacin yalwa, a dakata lokacin ƙunci, damina ta cinye abin da aka yi, a dawo a sake ba da kwangilar da sabon farashi. Wannan tafiya da tsayawa tana cikin manyan hanyoyin da kuɗin mai ke salwanta ba tare da an ga wanda ya ɗauka ba.

Bashin cikin gida yana da nasa tasirin. Idan gwamnati tana biyan kuɗin ruwa mai yawa a kan takardunta, banki ba ya ganin dalilin ba mai injin casar shinkafa ko mai fataucin albasa zuwa Kudu rance. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a watan Disamba. Hauhawar farashi haraji ce da ba majalisar da ta zartar, kuma ta fi cin wanda dukiyarsa tsabar naira ce a aljihu. Mai fatauci ta Illela yana ganin wannan kai tsaye a canjin naira da sefa. Ajiya ma ba kyauta take zuwa ba: duk nairar da aka riƙe bana, wata rijiyar burtsatse ce ko wani aji da ba a gina ba bana, kuma jama'ar da ta ga yadda aka yi da asusun baya tana da dalilin yin shakka.

Abin da ke hannun jiha

Jiha ba ta da iko a kan farashin ganga ko canjin dala, amma babu abin da ya hana majalisar dokokinta kafa dokar ware wani kaso na rabonta a watannin yalwa, da bayyana sharaɗin ɗiba ƙarara, da tilasta buga ma'aunin asusun ga jama'a. Muhawarar sashe na 162 ba ta shafi wannan ba, tunda kuɗin ya riga ya zama nata. Tsofaffin baitulmalin En'e ma sun kasance suna riƙe ajiya. Tun bayan wani shiri na Bankin Duniya da aka fara a 2018, jihohi suna wallafa kasafinsu da rahoton aiwatar da shi duk wata uku, don haka ɗan jarida ko malamin jami'a ko ƙungiyar ƙwadago suna iya duba nawa aka cire domin bashi, nawa ne na dala a ciki, kaso nawa na albashi kuɗin shigar cikin gida zai iya ɗauka shi kaɗai, da kuma nawa aka saki a zahiri daga abin da aka rubuta wa manyan ayyuka.

A matakin ƙasa kuwa ƙullin doka yana nan. Ajiyar haɗin gwiwa mai ɗorewa tana buƙatar ko dai gyaran tsarin mulki, wanda sai kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi sun amince, ko kuma yarjejeniyar da kowane mai rabo zai tsaya a kanta. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙarfafa matsayin cewa kowane mataki shi ke da iko da rabonsa. Idan aka aiwatar da shi sosai, masu haƙƙin da za a nemi yardarsu kafin a riƙe wani abu daga Asusun Tarayya za su haɗa da ƙananan hukumomi 774, ciki har da 23 na Jihar Sakkwato.